Ranin da Na Ɓoye Idona

Ku ƴaƴana kun taso kuna jin ana cewa uwarku ba ta tsoron kowa, na kuma ga maganar tana yi muku daɗi, har kuna faɗa wa naku ƴaƴan. To ku gyara zama. Akwai rani guda da na yi shi cur da tsoro a cikina, ina daka da shi, ina salla da shi, kuma a ranin nan na aikata abin da har yau in na tuna sai tuwo ya fita raina. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya san rabin labarin, bai taɓa furtawa ba. Tunda hannuna yana riƙe bik, wato biro, har yanzu, gara ku ji shi daga gare ni.

Kun san ban ga ƙofar lakwal ba, makarantar boko ke nan, ina yarinya. Sai da na haifi bakwai, na aurar da biyu, sannan aka kawo ajin yaƙi da jahilci garinmu, can gabas da Gangara, na ɗauki tabarmata na je na zauna. Abin da ba ku sani ba shi ne surutun da aka yi. Dattawan ƙofar masallaci suka ce farar takardar boko tana cin ido, allon malam ne kaɗai ba ya ci, kuma mace mai jikoki in ta dage sai ta ƙare da sanda ana ja mata gora. Maganar ta iso ni a bakin rijiya, ni kuwa kun san bakina. Na ajiye guga na ɗaga murya yadda za su ji daga inda suke zaune.

"Ranar da na makance ku zo ƙofar gidanmu ku yi dariya, na ba ku izini. Kafin nan kowa ya riƙe harshensa!"

Na yi karatu, na iya. Da malamin da aka aiko mana ya tashi, ba a aiko wani ba, sai matan suka ce ni zan riƙe ajin. Babanku ya kafa mana rumfar zana a bayan gida, aka shafa wa wani katako baƙin fenti ya zama tablo. Daga an gama sussukar gero har zuwa ruwan farko, kullum tsakanin azahar da la'asar, mata suna zuwa da alluna da alli da goyo a baya. Kowace mace da ke ƙarƙashin rumfar nan sai da na yi faɗa da wani namiji kafin ta zo. Wani na je har gona, wani na tare shi a kasuwa. Ajin nan ba kyauta aka ba ni shi ba.

A shekara ta huɗu da riƙon ajin abin ya fara, kuma ba da takarda ya fara ba. Zare ne ya ƙi shiga allura. Na lasa, na murza, na fita tsakar gida cikin rana, ina ta sukar iska. Bayan nan tsintar wake, har babanku ya tauna tsakuwa ya dube ni. Sannan kaye, wato littafin da nake shirya darasi a ciki. In na buɗe, baƙaƙen sai su narke su haɗu da juna kamar an zuba musu ruwa. In na matsar da shi nesa su ɗan dawo, in ƙara matsarwa, in ƙara, har hannu ya ƙare. Tsakanin girata ya riƙa sara kamar ana buga turmi. Abin da ya fi ruɗa ni, nesa ina gani tar. Daga ƙofar gida ina iya gane raƙumin wane ne yake tahowa daga arewa, amma sunana da na rubuta da hannuna ba na iya karantawa. Na ce a raina, shi ke nan, daga kusa makanta take farawa, tana cin abin da ke gabanka tukuna, sannan ta bi sauran. Dattawa sun yi gaskiya, kuma da bakina na gayyace su dariya. In suka ji, ba ni kaɗai za a yi wa ba, kafin sati kowane miji zai kira matarsa gida.

Sai na shiga neman magani a ɓoye kamar ɓarauniya. Na ƙara tozali har idona ya yi kamar na amarya. Wata tsohuwa ta taɓa cewa zuma tana wanke ido, na ɗiga, na yi ta hawaye ina tsalle a ɗaki, ba abin da ya sake. Na karɓi rubutu na ce na ciwon kai ne, na sha, na shafa a fuska, zuciyata ta ɗan kwanta amma baƙaƙen ba su dawo ba. Daga ƙarshe na tuna da madubin idon Baba Alhaji, yayan babanku, wanda aka yi wa aikin yanar ido a Damagaram shekaru da yawa kafin ya rasu, aka ba shi wani madubi mai kauri kamar gindin kwalba. Yana cikin akwatin ƙarfe tare da carbinsa. Na jira babanku ya tafi kasuwa, na ciro, na ɗora a hanci, na miƙa kaye gabana. Wallahi ƙasa ta taso mini, bango ya karkace, na dafa gado don kada in faɗi. Ko layi ɗaya ban gani ba. A lokacin ni a ganina madubi madubi ne, kamar yadda guga guga ne, wanda ya ɗebo wa wani ruwa zai ɗebo maka. Tunda na Baba Alhaji, mai kaurin nan, bai yi mini ba, to nawa ciwon ya wuce na madubi. Ina zaune da shi a hannu babanku ya dawo, ya manta buhu.

"Hassu, me kike yi da kayan mamaci?"

"Ƙura nake gogewa."

"Da hancinki kike gogewa? Ga shatinsa nan."

"Malam, ɗauki buhunka ka tafi, kasuwa za ta watse."

Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in akwai abin da ke damuna, motar Tanut tana tashi kowace safiya. Na ce masa ni lafiyata lau, shi ya kamata a kai a duba masa kai, mai mance buhu.

Ajin kuwa na ci gaba da riƙe shi da dabara. Darasi na haddace shi a ka. A tablo ina rubutu da manyan baƙaƙe, in ja da baya in gani. Allunan matan ma ina iya dubawa in na tsaya a kansu ban sunkuya ba, don a shekarar rubutunsu ya zama ɓaro-ɓaro, kalma biyu ta cika allo. Na riƙa gode wa Allah da hannunsu bai gama faɗawa ba. Amma kullum in na ji kiran azahar sai in ce a raina yau ce ranar da wata za ta miƙo mini wasiƙa ko katin asibiti ta ce Malama karanta mini.

A ranin nan ne Hajjo ta zo. Bafulatana ce, mutanenta sun sauka da shanu kusa da babbar rijiya suna jiran damina. Tana kawo ɗan nonon da ya samu cikin gari. Kwana uku tana tsayawa a gefen rumfa da ƙwarya a kai tana kallon tablo, a na huɗu ta sauke ƙwaryar ta zauna. Ta ce tana so ta iya rubuta sunayen ƴaƴanta, ta kuma karanta takardar allurar shanu da kanta, don ta gaji da a riƙa gaya mata abin da ke ciki. Ban taɓa koyar da mai kai irin nata ba. Abin da wasu suke wata suna lalube, ita sati ya ishe ta. Kun san uwata Babarbariya ce, kun kuma san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawana, ba mai fushi. To haka muke da Hajjo. In ta shigo in ce ga baiwata ta iso, ita ta ce Barebari sun samu alli sun manta ubangijinsu, mata su yi ta dariya.

Wata ranar Talata ta zo da ɗan ƙaramin kaye da ta saya a kasuwa. Fuskarta tana haske. Ta ratso tsakiyar mata ta miƙo mini shi a buɗe, da hannu biyu.

"Malama, duba. Ni kaɗai na yi, ba wanda ya kama mini. Na yi ƙanana don takardar ta kai ni har kaka, a daji ba a sayarwa."

Na karɓa. Shafi guda cike, daga sama har ƙasa, kuma ban ga komai ba sai layuka masu toka-toka. Rumfa ta yi tsit, kowa yana jiran in karanta da ƙarfi kamar yadda na saba yi wa duk wadda ta yi ƙoƙari. In na miƙe hannu na nisanta kayen, an gane. In na ƙirƙiro abin da babu, ita za ta gane. Sai bakina ya nemo mini hanya, mummunar hanya.

"Wannan rubutu ne, ko tururuwa ce ta bi ta kai? Ke Bafulatana, koma ki ƙirga wutsiyar shanu, shi ne aikinku. Karatu ba na kowa ba ne."

Na jefar da kayen a tabarma. Na sa maganar cikin rigar wasa, amma muryar ba ta wasa ba ce, kuma ba wadda ta yi dariya. Hajjo ba ta rama ba. Ta duƙa ta ɗauki kayenta, ta hure ƙasar da ta hau shi, ta sa a ƙwarya, ta ce mana sai an jima. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka.

Bayan wannan na kasa zama da kaina. Na ce ko ta wace hanya a yi ta ta ƙare. Akwai wani mutum da yake zuwa kasuwar Balbeji lokaci-lokaci, mai taɓa ido da allura, yana ture yanar idon zuwa ciki. Na san mutum biyu da ya taɓa. Ɗaya ya ɗan ga haske, ɗayar idonta ya kumbura ta yi wata tana ihu, daga baya ya shanye. Duk da haka na ce wa babanku kanwa za ni saye, na hau mota. Na same shi a bayan rumfunan masu fata, ya shimfiɗa buzu a inuwa. Akwai wani tsoho a gabana, ƴaƴansa biyu sun danne masa kafaɗu, yana ta salati, ƙafarsa tana kartar ƙasa. Na kau da kai. Sau biyu ina miƙewa in tafi in koma in zauna. Da aka zo kaina ya ce in matso, ya ɗaga fatar idona da babban yatsa, ya ƙanƙance nasa idon, ya ja kai baya, sannan ya yi tsaki. Sai ya laluba aljihu ya ciro wani ɗan madubin ido da aka ɗaure ƙafarsa guda da zare, ya maƙala a hanci, ya sake leƙawa.

"Hajiya, me ke damun idon?"

"Nesa ina gani, kusa ba na gani. Karatu ya cinye shi."

"Babu abin turewa a nan, garau yake. Tsufa ne kawai."

"Kai ne tsoho. Ba ni wannan na fuskarka."

"A'a, wannan kayan aikina ne, Hajiya."

Ban jira ba, na zare shi daga hancinsa na sa a nawa. Abu na farko da na gani farcen babban yatsana ne, da ɗan tsagewa a gefe da ƙasa a ciki. Sannan zaren zanena, ɗaya bayan ɗaya. Na kwance bakin zane na ciro wata takardar darasi da na ninke, na buɗe, ga baƙaƙena nan zaune kowane a wurinsa kamar ba su taɓa tafiya ko'ina ba. Ban yi kuka ba, faɗa na kama shi da shi.

"Kai kana sa madubi don ka gani, sannan kana tsokane idon bayin Allah da allura?"

"Su yana gare su, ke ba ki da ita. Ba ni abina, mutane na jira."

Kada ku ce na yabe shi. Tsohon nan da ke gabana daga baya na ji idon ya mutu. Da mutumin ya ga dama ya taɓa nawa a ranar, da ba ni ce ke rubuta muku wannan ba. Duk wanda yanar nan ta rufe masa ido a cikinku ko cikin ƴaƴanku, asibiti za ku kai shi.

Akwai mai faifan madubai a kasuwar, na tsaya a gabansa, amma na Baba Alhaji ya riga ya koya mini cewa ba kowane ne nawa ba. Na koma gida ba kanwa. Na sami babanku yana gyaran igiyar jaki, na tsaya a kansa na faɗa masa duka. Bai ɗago ba, ya ce gobe da sassafe. A asibitin Tanut aka kai mu wurin majo, malamin asibiti mai duba ido, saurayi sa'an ɗan'uwanku Sani. Ya haska mini fitila, ya sa na karanta allon bango, ya auna ƙarfin idon, ya tambaye ni ko ina da ciwon suga, sannan ya riƙa sa mini gilasai yana cirewa, da takarda a hannuna.

"Inna, akwai wata ƴar ƙwaya a cikin ido, mai laushi, ita ke lanƙwashewa in mutum zai ga abu kusa. In an haura arba'in sai ta fara tauri. Kowa da kowa ne, har ni tana jirana."

"Ba karatu ba ne ya jawo?"

"Wanda bai taɓa ganin takarda ba ma yana yi. Shi dai ba ya lura sai wajen allura ko cire ƙaya."

"Makanta fa?"

"Wannan ba ya makantarwa. Zai ɗan ƙaru, bayan ƴan shekaru ki dawo a sauya miki lamba, don kowane luneti, wato madubin ido, da lambarsa."

Na ce masa ni ba na son abin da za a gani a fuskata, ya nemo mini wanda ba a gani. Ya yi dariya ya ce akwai. Akwai wani ɗan siririn gilashi da ake mannawa a kan ƙwayar ido, amma yana son ruwa mai tsabta da wanke hannu kullum, da ƙasar Damargu kuwa ba zai ba ni shawararsa ba. A manyan birane ana yin aiki, amma aiki ne a kan ido mai lafiya, kuma ba kowa yake dacewa ba. Ya ji labarin wani maganin ɗigawa a ƙasashen waje mai taimakawa na ƴan awoyi, bai taɓa riƙe shi a hannu ba. Akwai kuma madubi mai hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na kusa, amma tunda nesana lafiya lau, na karatu zalla ya ishe ni.

"Zuma fa?" in ji babanku, yana kallon rufi.

"Baba, zuma a sha ta a kunu."

Na dawo da madubina cikin ɗan gidansa, na ɓoye a ƙarƙashin tasoshi, na yi kwana huɗu ban fito da shi ba. Majo ya ce ba karatu ba ne, to wa zai je ƙofar masallaci ya yi wannan bayani? Su abin da za su gani shi ne Hassu da gilashi a fuska. A rana ta biyar na sa shi tun daga ɗaki, na fito na ratsa tsakar gida na shiga rumfa. Na tsaya gaban tablo na ce musu tun kaka ba na ganin rubutu, na ɓoye, na yi musu ƙarya, wadda mijinta zai cire ta saboda wannan ba zan riƙe ta ba. Kuma an cire ɗin, mata uku ba su sake dawowa ba, dattawa suka yi dariyarsu har ta ishe su. Amma a ranar, Baraka ce ta fara magana, aminiyata tun muna ƴan mata, wadda take zama a gaba don kunnenta guda ba ya ji sosai.

"Yo Hassu, wannan ne labarin? Ai mun sani."

"Kun san me?"

"Tun kaka muke ganin kina riƙe kaye can nesa kamar wanda zai cije ki. Mu muka haɗu a gidan Ladi muka ce kowa ta riƙa rubuta manya, kada wadda ta kawo miki wasiƙa, kada kuma wadda ta faɗa wa mijinta. Kina tsammani shekara huɗu muna zaune ba mu iya ƙaramin rubutu ba?"

Na dubi allunansu ta cikin madubin. Wata ta juya nata ta nuna mini bayan, ga rubutu nan siriri, shiryayye, wanda take yi don kanta. Na zauna a kan turmin da muke ajiye alli.

"Hajjo fa?" na ce. "Ita ba ku faɗa mata ba?"

Ba wadda ta dube ni. Can Baraka ta ce, a hankali, "Baƙuwa ce. Ba ta zo ba lokacin da muka yi maganar. Daga baya kuma ba wadda ta tuna."

Na bar su a rumfar, na kama hanyar babbar rijiya da madubin a fuskata, ina tuntuɓe don ba na tafiya ba ne, na manta in cire. Da na isa na tarar da duwatsun murhu da toka da busasshen kashin shanu. Masu ban ruwa suka ce an ga hadari a kudu, Fulanin sun tashi shekaranjiya. Na tambayi inda suka nufa, kowa ya nuna wani gefe daban. Rani na gaba na jira, wanda ya biyo ma na jira, na aika saƙo ta bakin masu nono har sau nawa, ba su sake sauka a rijiyarmu ba. Na sauya lamba sau uku tun daga lokacin, na karanta wasiƙu da katunan asibiti na rabin garin nan, amma har yau ban san abin da Hajjo ta rubuta a shafin nan ba.